Tarin da Madam Felisiya ta ce zunubi ne

Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba. Wasunku sun yi ta aiko saƙo suna tambayar lafiyata, na gode. Wasu kuma, na samu labari, har sun fara zaɓen atamfar ankon jana'izata. Ina nan da raina, sai ku ɗinka ta don Kirsimeti.

Tarin fuka na yi, wanda ake kira tibi. Na faɗi sunansa don masu raɗa su huta.

Bayan Ista ya fara, kamar mura. Na sha maganin kemis, na sha zuma da lemun tsami, bai tsaya ba. Zazzaɓi da yamma, zufa kamar an watsa mini ruwa, abinci ba ya shiga. Na rame har zobena ya riƙa zamewa.

Mijina ya rasu shekarun baya, bayan an rufe masaƙar da yake aiki a Kakuri. Matar da ba ta da miji ta rame a Barnawa, kun san sunan ciwon da ake laƙaba mata.

A Zumuntar Matan cocinmu akwai wata Madam Felisiya. Kowace Asabar ita ce ta farko a layin ikirari, inda muke faɗa wa Fada, limamin cocinmu, zunubanmu. Takan fito kai a sunkuye kamar waliyyiya, ido kuwa yana ta wutsiya, yana duba wa ya zo wa bai zo ba. Ni lokacin azumin Ista da gab da Kirsimeti nake zuwa, yadda uwata ta raine mu a Pankshin.

Ta zo duba ni. Ta tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci, ko zama ba ta yi ba.

"Maman Josfin, yaushe rabonki da ikirari?"

Na ce makon Ista.

"Shi ya sa," in ji ta. "Zunubin da aka ɓoye, jiki yake ci. Ki je ki faɗa wa Fada da wa kika yi. Asibiti ba ya wanke irin wannan."

Kafin Lahadi maganar ta zagaye Zumunta. Mata suka daina sayayya a shagona. Na kulle kaina a ɗaki don gudun ido, har ranar da na yi tari na ga jini. Yayana Bitrus ya zo daga Gonin Gora, ya kalle ni, ya ce, "Ladi, tashi." Ya sa ni a keke mai ƙafa uku sai asibiti.

Aka ba ni ƴar roba in tofa kaki, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi jini har da gwajin ƙanjamau. Wannan ya fito babu komai. Likita ya ɗaga hoton ya ce, "Huhunki na dama ya ji jiki. Amma ana warkewa, muddin ba ki yi fashin magani ba."

Aka kwantar da ni a asibitin. Maganin kyauta ne. Gado da hoto da abinci kam sun cinye firizar shagona.

Kullum da safe, ciki ba komai, nas ta tsaya a kaina har sai na haɗiye ƙwayoyin. Fitsarina ya koma ja kamar manja, na tsorata, aka ce aikin magani ne. Matar da ke gadon kusa da ni ta rasu wata Talata da hantsi, ana tsakiyar shara. Ranar na ji tsoro sosai.

Sai ga Madam Felisiya ta janyo Fada har gadona. Ashe ta ce masa ina da babban abu da nake so in sauke kafin in cika. Ta maƙale jikin labule, ta baza kunne.

Fada ya ce, "Madam, mota na waje, ki jira ni can."

Da ta fita na ce, "Fada, ba ni da kwarton da zan ambata. An ce ƙarancin ikirari ne ya kwantar da ni."

Ya gyara takunkumin fuskarsa ya ce, "Ikilisiya ta ce aƙalla sau ɗaya a shekara. Wanda ya yi babban zunubi ya zo nan da nan. Mai zuwa duk wata ya kyauta wa ransa. Amma ban taɓa jin ikirari ya kashe ƙwayar cuta ba, kuma ban naɗa kowa mai gadin layi ba."

Na yi ikirarina a ranar, don ni na so. Abin da na faɗa ba na shafin nan ba ne. Ya shafa mini man addu'a na marasa lafiya, ya ce in ci abinci.

Wata shida na yi ina shan magani. Gwajin ƙarshe ya fito fes.

Ranar da na yi godiya a coci, Madam Felisiya ta karɓe makirufo ta shaida wa jama'a cewa ita ta kai Fada na sauke nauyi, shi ya sa na tashi. Matar da ko ruwan leda ba ta kawo mini ba. Na bari aka tashi, na same ta a bakin ƙofa na ce, "Madam, Asabar mai zuwa ki ƙara da wannan ƙaryar a cikin naki."

Har yau ba ta amsa gaisuwata, kuma ban rame ba.

Na gode wa Allah. Na gode wa Yaya Bitrus da matarsa da ta yi ta ɗauko kunun gyaɗa daga Gonin Gora, da nas-nas ɗin da suka jure mini, da Fada.

Tari ya wuce mako biyu, ku je a gwada kaki. In an ɗora ku kan magani, kada ku tsaya don kun ji sauƙi. Mutanen gida ma su je a duba su.

Ikirari kuwa ku je gwargwadon yadda zuciyarku ta nuna muku. Ni yanzu nakan je duk wata, don na ga yana sanyaya mini rai. In kun shiga wurin Fada, zunubinku za ku faɗa. Na maƙwabciya ku bar mata, tana da baki.