Kiɗin da ke Bangon Ɗakin Auta

Autanmu ya rasu da kaka, ciwon ciki. Ya bar riguna, da babur da ba ya tashi, da jita. Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne, albasa muke nomawa a fadamar Goronyo. Na so in sayar da jitar, Inna ta hana.

Lokacin idanunta sun riga sun tafi. Ran nan tac ce, "Kiɗin ga da yaka yi bayan La'asar, shi nika son ji. Ko sau guda."

A bangon ɗakinshi akwai layi shida da ya ja da gawayi, da lambobi warwatse a kansu. Na ɗauki hoton da waya, na naɗe jitar cikin buhu don kada a gani, na hau babur ɗin haya zuwa Achida wurin wani malamin firamare, abokin marigayin, wanda tare sunka koya.

Yac ce, "Yaya, layi shidan ga tsirkiya shida na. Lamba kuma gaɓar da za ka danne a wuyan jitar. Sifiri, ka kaɗa ba dannewa. Ka gane?"

Nic ce na gane. Ban son a daɗe ana koya min abu.

Rani guda na yi a ɗakin auta, ƙofa rufe. Yatsuna sun saba da fartanya, in na danne tsirkiya guda sai biyu su mutu. Kan yatsun ya tsage. Maƙwabcina ya jiyo ta katanga, yac ce, "Kai, da furfura za ka fara roƙo? In an yi biki sai mu aiko maka da goro!" Nic ce ya je ya kula da jakinshi.

Da na ga hannuna ya faɗa, na zauna gaban Inna na kaɗa mata tun daga fari har ƙarshe. Ta ɗago kai.

"Mi na wanga?"

"Kiɗin auta na, Inna."

"Wanga ba na ɗana ba na. Kada ka yi min ƙarya don ban gani."

Na kira malamin, ya zo ran Asabar. Yac ce in nuna mai da yatsa inda nika farawa a bangon. Na nuna. Ya dafe kai.

"Yaya, daga dama ka faro! Wanga ba allo ba na. Daga hagu aka bin shi."

Ni allo kaɗai na yi. Duk abin da anka rubuta a jere, daga dama idona ke kama shi. Ashe rani guda ina kaɗa kiɗin ƙanena daga wutsiya zuwa kai.

Sake koyo ya fi na farko wuya, don yatsun sun riga sun haddace kuskure. Damina ta sauka, ruwa ya fara bin bangon yana cin gawayin, Inna kuma tana ta ramewa.

Wata La'asar na sake zama gabanta. Ban kai rabi ba ta miƙo hannu tana laluben fuskata.

"Auta, kai na? Ina ka shiga haka?"

Na buɗe baki in gaya mata. Ta riƙe kumatuna, ba ta saki ba.

Nic ce, "Ni na, Inna."

Tun ranar, kullum bayan La'asar sai ta aika a kira mata auta, ni kuwa in ɗauki jitar in je. Ni babban, ta daina tambayar inda nike.