Makarantar Tsallaken Titi

Ƙafar mutum yake fara dubawa kafin fuska. Ko gaishe shi aka yi, sai idonsa ya sauka ƙasa tukuna ya amsa. Tun yana saurayi yake gyaran takalmi a wata rumfar kwano a bakin kasuwa, har gemu ya yi fari. Baba Mai-ƙusa, haka kowa ke kiransa.

Da jikarsa ta isa shiga firamare, abin ya tsaya masa a rai. Makarantun gwamnati biyu ne a kusa: ta bayan kasuwa, inda 'ya'yan 'yan dako da masu tireda suke, da ta tsallaken babban titi, inda ƙananan ma'aikata ke kai nasu. Shi bai taɓa zama a aji ba, amma takalman yaran duka ta hannunsa suke bi. Na bayan kasuwa ta gefe suke cinyewa. Ya san aikin zaman ƙasa a aji in ya gani. In yaro na jiran ɗinki kuwa, sai ya nuna masa allon kantin maganin da ke kallon rumfar.

"Malam ƙarami, me aka rubuta can? Idona ya gaji."

'Yan tsallake sukan karanta suna hamma. Wani ɗan aji biyar na bayan kasuwa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce rana ce ta shige masa ido.

Bai shawarci kowa ba. Ya hau babur, ya je ya sa sunan yarinyar a tsallake.

Uwarta, 'yarsa, shara take yi a asibiti, tun asuba take fita. Da ta ji, sai ta dire bokiti.

"Baba, wa zai riƙa tsallakar da ita?"

"Ai ina raye."

"Da wannan gwiwar?"

Ya ci gaba da shafa gam, kamar bai ji ba.

Ya ƙudurta zai koya mata titin kafin hutu ya ƙare. Kullum da safe sai ya rufe akwatin aiki ya miƙa mata hannu.

"Amarya, riƙe angonki."

"Ni ba na son tsoho mai warin gam."

"To riƙe ni dai, kya sake ni a can."

Rabin farko ba laifi, sukan kai dandamalin tsakiya. Ɗaya rabin ne manyan motoci ke gangarowa. Ya sa ƙafa, ya janye. Ya sake sawa, ya sake janyewa, ɗan hannun da ke cikin nasa ya jiƙe da gumi.

"Tsoho, in ka gaji da duniya, bar yarinyar a gida!" in ji wani ɗan babur.

"Yau rabi ya isa," ya ce mata. "Gobe saura."

Haka gobe, haka jibi. Uwar ta leƙa makarantar bayan kasuwa a ɓoye, aka ce an cika.

Ranar Alhamis gwiwar ta kumbura, ko ƙofar gida bai kai ba. Litinin za a buɗe makaranta. Ya kira yarinyar gefen tabarma, ya ja layi biyu a ƙasa da tsinke, ya ɗora yatsanta a tsakiya.

"Nan muke tsayawa."

"Daga nan fa, Kaka?"

Ya daɗe yana kallon layin na biyu.

"Bari ƙafar ta saki," ya ce a hankali. "Zan nuna miki."