Ƙwallo a Kan Binne

Bana mutuwa ta yi ta ɗauki ɗai-ɗai cikin mutanen da muka saba ji a rediyo ko gani a talabijin. Da farko mai barkwancin nan na fim, wanda ko surukata da ba ta dariya sai ta rufe baki da mayafi in ya fito. Sai wani mawaƙi. Sai wani ɗan ƙwallon ƙasar waje, da samarin garinmu suka yi ta liƙa hotonsa a waya kamar cikinsu ɗaya. Ban hana kowa kuka ba. Amma a shekarar nan yayana ya rasu, shi ma ɗan ƙwallo ne, kuma dominsa na ɗauki biro. Da girmana na koyi riƙe shi a ajin yaƙi da jahilci, in rubutun ya karkace a yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

A garinmu na ƙasar Minjibir babu filin banza. Inda gona ta ƙare nan wata ta fara, tsakaninsu sai jerin gamba. Muna yara ba a samun filin ƙwallo sai an yi girbi. In aka kwashe kara, maza su bi su tuge tushiya don kada ta tsaga musu ƙafa, a kafa kara biyu nan, biyu can, raga ta samu. Gonar babanmu suka fi so don a shimfiɗe take. Ƙwallon kuwa ni ke ɗinka ta, tsumma a dunƙule, a naɗe da robar keke, in bi da basilla. Ranar da mahauci ya yanka sa, yaya kan roƙo mafitsara a hura, ranar tuwon kowa sai ya huce. Nakan ajiye farantin gyaɗata a gindin kuka in tsaya kallo, in ba mai tsaron raga a ce in shiga. Na sha ƙwallo a ciki, na koma gida na sha tsumagiya.

Amma akwai doka da kowane yaro ya sani. Ranar da jaki ya fara sauke taki a gona, ƙwallo ta mutu sai wata kakar. Yaya da hannunsa yake tuge karan raga. Wanda aka kama yana gudu a inda aka yi shuka, uban kowa na da ikon zane shi, in ya kai ƙara gida a ƙara masa.

Yaya ya iya ƙwallo, da ƙafar hagu yake yin ta'asa. Har wata ƙungiya a Kano ta ɗauke shi. Muna jin sunansa a rediyo, babanmu da ya ce wasan banza ne sai ya matso kusa da akwatin, wai igiya yake tufka. Daga baya gwiwa ta lalace, aka sallamo shi da sanda da ledar magani. Shekara da shekaru yana jan ƙafar nan yana noma gonar da ya gada. Cikin masu tafa masa babu wanda ya taɓa zuwa da ko sabulu. Samarin yanzu a kan babur suke wuce shi zuwa gidan kallo, su bule shi da ƙura, ko sannu babu.

Bana ruwa ya makara, sai ya yi binne: ya shuka gero a busasshiyar ƙasa, ya bar shi ya jira ruwan fari. Shi kaɗai ya yi, ya sare da sungumi, ya dawo yana zuba iri yana rufewa da lafiyayyar ƙafar. Yana gamawa zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar mata da ƙananan yara, kuma duk irin da ke gidan yana cikin ƙasar nan.

Ranar addu'ar bakwai ina ɗaki wajen matarsa, tana takaba ba ta fita, sai muka ji lasifika. Na yafa mayafi na leƙa. Samari ne cike da gonar. An kafa rumfar haya a gefen gabas, ga kujerun roba, ga babura, wani yana haƙa ramin turken raga. Sun rataye ƙyalle da hoton yaya na samartaka. Wasan tunawa da marigayi za a yi, har kansila zai zo. A wannan jigawar, in ƙafafu suka tone ƙasa iri sama yake fitowa, kaji da kurciyoyi su yi biki.

Shugabansu ɗan maƙwabcinmu ne, ni na goya shi. Ya tarye ni yana washe baki.

"Gwaggo, ya ƙarin haƙuri? Karrama Baba za mu yi. Nan ya fara, nan ya kamata a buga."

"A kan binnen?"

"Ai bai tsiro ba, Gwaggo. Wasa ɗaya ne."

"Gonar ubanka ta tsiro?"

"A'a."

"To kwashe ku je can, ta ma fi wannan faɗi."

Sai ya hau sosa ƙeya. Wani mai askin banza ya ce daga baya, "Hajiya, a waya fa za a sa, duniya ce za ta san shi."

Na ce, "Ban je Makka ba tukuna. Shekara nawa yana jan ƙafa a ƙofar gidanku, wayar ba ta da caji ne? In damina ta wuce, hoton za a daka wa marayun?"

Na bi tsakanin layukan sara don kada in taka rami, na je tsakiyar gonar na zauna a rana. Na ce duk mai son buga ƙwallo ya fara da ni. Suka aika wa mai unguwa, mai unguwa ya aika wa mijina. Malam ya zo ya tsaya a kan iyaka, ya dube ni, ya dube su.

"Ni na daɗe da sanin nauyinta," in ji shi. "In kun iya ku ɗaga."

Sai bayan la'asar suka kwance rumfar suna gunaguni, wai na hana a mutunta ɗan'uwana, wai tsohuwa ba ta san darajar ƙwallo ba. Ni. Suka koma harabar firamare mai tsakuwa. Daga inda nake ina jin ihunsu in an ci, kuma abin da ya ƙara ƙona mini rai, kunnena bai fasa bin wasan ba.

Da ruwa ya sauka gero ya fito layi-layi, ban da gefen gabas. Inda rumfa da babura suka tsaya ƙasa ce tsirara, faɗinta ya kai tsakar gida. Sai da shukar ta yi ƙwari muka ciro daga inda ta yi yawa muka yi dashe, ni da 'ya'yana. Na aika wa masu karramawar cewa ga ranar aikin. Ba wanda ya zo, an ce ana wasan ƙarshe a gidan kallo. Rabin dashen ya kama.