Sannu da Hutawa

Bakoji taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidansa da nawa a Birnin Gwari. Saboda haka ina da izinin faɗin abin da na ga dama a kansa, kuma zan faɗa. Mutumin nan tun da ya samu sitiyari ya rabu da ƙasa. A Kuyello aka haife shi, ya yi noman masara da dawa har gemu ya fara fito masa, sannan ya gudo gari ya koyi tuƙi. Daga nan shi ke nan, ko goro zai saya a bakin titi sai ya tayar da mota. Hanyar Kaduna yake bi da 'yar motarsa ta haya, hanyar da sai mutum ya yi sallama da iyalinsa sosai kafin ya hau ta. Ya ajiye tumbi, wuya ya cika, ciwon suga ya same shi. Ni Tulu nake ce masa, shi kuma ya ce mini Tsinke.

Da cutar korona ta zo aka ce kowa ya zauna a gida, mu nan dariya ta so kama mu, don mun daɗe a kulle. Mutanen daji, masu satar mutane, sun riga gwamnati kulle mu. Sai dai wannan karon har da kasuwa da tasha da masallacin Juma'a. Bakoji ya shigo da mota tsakar gida ya lulluɓe ta da tamfol, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Shi kuma ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya ɗora rediyo a ƙirji. Ya ci ya kwanta, ya tashi ya ci. Ko wanka sai matarsa Hajjo ta yi da gaske. In rediyo ta ce a riƙa motsa jiki a cikin gida, sai ya ja tsaki ya ce wanda ke zaune ƙarƙashin fanka a Kaduna ne zai koya masa motsi.

Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya daina shiga. Gloria, mai shagon magani a unguwarmu, ta auna shi ta ce in bai canza ba wata rana a kwance za a fita da shi. Ko a jikinsa. Ni kuwa na samu abin yi. Kullum da hantsi sai in taka turmi in leƙa ta katanga.

"Tulu, sannu da hutawa!"

"Yawwa Tsinke, sannu kadai. Iska ba ta kwashe ki ba?"

Cikin azumi aka sako Maliki. Abokin aikinsa ne a tasha, wanda mutanen daji suka tare a hanya tun kafin kulle suka shiga daji da shi. Duk da doka, ya lallaɓo bayan la'asar ya zo gaida Bakoji. Suna zaure, ni da Hajjo muna bayan ƙofa, kuma ba na jin kunyar cewa kunne muka kasa. Maliki ya rame har muryarsa ta canza.

"Bakoji, ba bindiga ce ta fi ba ni tsoro ba. Tafiya ce. Daga titi suka kwashe mana takalma, muka yi ta tafiya, rana ta faɗi ta fito muna tafiya. Akwai wani ɗan kasuwa a cikinmu, jikinsa kamar naka. Ya fara ja da baya, yana haki. Babbansu bai ko ɗaga murya ba. Cikin ladabi wallahi ya ce masa, Alhaji, zauna nan ka huta. Ya bar mutum ɗaya tare da shi."

"Sai me?" in ji Bakoji.

"Ba mu yi nisa ba muka ji ƙara. Can sai ga wanda aka bari ya cim mana, shi kaɗai, da hular Alhaji a kansa. Daga ranar in suka ce wa mutum ya huta, mu sai mu fara yi masa addu'a a zuci."

Na ji Hajjo ta damƙe mini hannu, tafinta duk gumi.

Washegari na taka turmi kamar kullum, na gan shi zaune ya miƙe ƙafafun nan yana kallonsu. Baki ya riga ya saba.

"Tulu, sannu da hutawa."

Ya ɗago. Tun muna yara ban taɓa ganin idonsa haka ba.

"Mairama, kada ki ƙara gaishe ni da kalmar nan."

Taubashi ba ya fushi da taubashinsa, kowa ya sani. Ko zaginsa ka yi ramawa zai yi a yi dariya. Amma da sunana na yanka ya kira ni. Na sauka daga turmi.

Da asubar da ta biyo na ji takunsa a tsakar gida. Daga rijiya zuwa zaure, ya zagaya mota, ya dawo. Ranar farko bai jima ba ya zube a jikin katanga yana nishi, Hajjo tana yi masa fifita da faifai. Kashegari ya sake. Haka ya yi ta yi, da azumi a bakinsa, har nishin ya ragu takun ya ƙaru. Bayan salla ya hana a sa masa suga a koko. Tuwon dare ya raba biyu, ya ce a ƙara masa zogale da rama. Maganinsa da a da sai an bi shi da shi, yanzu shi ke tunawa. Da ruwa ya sauka ya nemo tsohuwar fartanya ya nome bayan ɗaki ya shuka kuɓewa. Shi ke jan ruwa, shi ke faskare. Kumburin ya sace, wuya ya fito, wando ya fara zamewa sai da aka rage masa. Gloria ta sake auna shi, ta yi ta murna, har tana ba masu zuwa shagonta labarinsa don su yi koyi.

Ni ma da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutum ne ya tashi daga tabarma. Amma katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina ganin abin da Gloria ba ta gani. Wata safiya na tarar ya watsa tsakuwa a hanyar da yake bi, yana takawa ba takalmi. Wata rana kuma ya ɗora buhun masara a ka yana zagayawa da shi, rana tsaka, bai yarda an ba shi ruwa ba. Hajjo ta shigo wurina ta zauna a bakin murhu.

"Yaya Mairama, wannan ba lafiya yake nema ba. Shiri yake yi."

Na same shi na ce ya sayar da motar ya koma gona tunda ƙarfi ya dawo. Ya tambaye ni wace gonar, ta Kuyello da ake ɗaukar mutum da fartanya a hannu? Sai na zage shi, ya yi dariya. Dariyar ba ta kwantar mini da hankali ba ko kaɗan.

Da aka buɗe hanya ya yaye tamfol, ya kori kaji, ya koma bakin aiki. Bai bar tafiyarsa ta asuba ba ko sau ɗaya. Damina ta wuce lafiya. Ana cikin yankan dawa aka ga motarsa a gefen titi, ƙofofi a buɗe, takalman fasinja a warwatse. Ba shi, ba su.

Muka zauna jira. Wanda bai taɓa irin wannan jiran ba, Allah kada ya nuna masa. Aka fara sako fasinjojin da ɗai-ɗai, shi shiru. Daga baya wata mata 'yar Dogon Dawa, Khadijat, da ke cikin motar, ta nemo gidan da kanta. Ƙafafunta a naɗe da tsumma. Ta ce ta zo ne don ta ga ya kamata iyalinsa su ji daga bakin wanda ya gani.

"Direba yana raye, Hajiya. Shi ne a gaba tun daga titi. Da na kasa ma shi ya riƙe ni, yana ce mini kada in yarda in zauna."

"To me ya hana su sako shi?" na tambaya.

Ta sunkuyar da kai.

"Sun ga yana da tafiya. Shi ke ɗaukar musu kaya yanzu, daga wannan sansani zuwa wancan. Na ji babbansu yana cewa irin wannan ba a gaggawar rabuwa da shi."

Raina ya ɓaci har na rasa wanda zan zaga. Wata da watanni mutumin nan ya kwashe yana gyara musu ɗan dako a tsakar gidansa, mu muna yaba masa. Na juya in faɗa wa Hajjo haka, sai na ga ita ba nan hankalinta yake ba. Ta matsa kusa da matar.

"Ranar da kika taho, a tsaye kika bar shi?"

"A tsaye, da buhu a kansa."

"Alhamdulillahi," in ji Hajjo. "Allah ya sa kayan nasu kada su ƙare."