Ranar da Baba ya tsaya a kan sunana

"Ya Ubangiji, ka albarkaci Ladi, da Bitrus, da..." Sai Baba ya yi shiru. Ni ce ta uku cikin 'ya'yan da yake jerowa kullum a addu'ar safe. A unguwar Narayi muke, a shekarun alif ɗari tara da tamanin, ban daɗe da gama jami'a ba.

Na kai shi asibiti. Likita ya ba shi kalma uku ya riƙe. Bayan minti biyar, biyu ya tuna.

Na ce, "Likita, zai zama kamar kakata da ta manta mu duka?"

Ya ce, "Wasu nan suke tsayawa, wasu abin ya ci gaba. Yau ba zan iya sani ba. Ku dawo bayan wata shida."

Duk wata shidan nan ban rufe ido a addu'a ba. Bakinsa nake kallo.

Cikinku wa ya taɓa irin wannan jira?