Filashin da Na Tsinta a Bakin Get

Shekara tara ina gadin rana a wani kamfanin sayen hatsi a Funtua, a kan hanyar Bakori. Aikina in buɗe wa manyan motoci get, in leƙa bayansu, in rufe. A shekarun nan na tsinci abubuwa da dama a ƙasa: makullin babur, hula, waya har sau biyu. Duk na yi cigiya, duk sun koma hannun masu su. Ba ni da babbar gona, ba ni da takardar makaranta. Abin da aka san ni da shi ɗaya ne, kayan mutum ba ya daɗewa a hannuna.

Gab da kakar bara wasu mutum uku suka zo daga babban ofishinmu na Kaduna. Aikinsu tsaron kwamfutocin kamfani. Shugabarsu wata mace ce mai tabarau, kowa Hajiya yake ce mata. Ba a kira ni zaman ba tunda ba na taɓa kwamfuta, amma zafi ya sa aka bar taga a buɗe, bencina kuma yana ƙarƙashinta.

Ta ce akwai ɓarayin da ba sa haura katanga. Sukan turo wata manhaja ta shiga kwamfuta ɗaya, ta yaɗu cikin sauran, ta kulle komai, sannan a rubuto cewa sai an biya fansa za a buɗe. Mu a yankin nan ba sai an yi mana bayanin fansa ba. Ta ce daga Kaduna suna sa ido a kan kwamfutocinmu, kuma duk mako ana kwafe komai a ajiye inda ba a haɗa shi da intanet ba. Amma ta roƙi abu biyu: kada wanda ya soka wa kwamfuta filashi, ɗan abin nan na ajiyar hotuna da takardu, in bai san asalinsa ba, in kuma aka ga baƙon abu a zare wayar intanet a kira su. Suka manna takarda mai lambar waya a ƙofar manaja, suka tafi.

Lokacin ina wata na bakwai a ajin yaƙi da jahilci. Kwana biyu na yi kafin na gama karanta takardar nan.

Wata Litinin da hantsi, masara ta fara shigowa, na hangi wani ɗan abu baƙi a kan bulon da nake tokare get da shi. Filashi ne. An liƙa masa farar takarda da rubutun biro. Na zauna na haɗa baƙaƙen a hankali: hotunan marigayi Baba.

Mahaifina ya rasu ba mu da hotonsa ko ɗaya. Sai na ji tausayin mai abin ya kama ni. Amma da na ƙara jujjuya shi, tausayin ya fara ja baya. Tirela huɗu sun wuce tun safe, ƙura ta rufe min takalmi, shi kuwa tas yake. Abin da ya faɗo daga aljihu a ƙasa yake faɗuwa, ba ya hawa kan bulo. Sannan malaminmu na aji, ranar farko, sai da ya sa kowa ya rubuta lambar wayarsa a bangon littafi, don in ya ɓace. Mutumin da ya iya rubutu mai kyau haka, yake kuma ji da hotunan ubansa, me ya hana shi sa lamba?

Akawun sikeli ya gan ni. Mutumin garin Dayi ne, mun saba, har sunan ɗiyata ya zo.

"Kawo mu soka, Malam," in ji shi. "Da mun ga fuskar tsohon za mu gane ɗansa."

"Ba ka ji abin da Hajiya ta ce ba?"

"Kai ka ji? Ta taga?" Ya yi dariya. "Wata bakwai a aji har ka fi mu sanin kwamfuta. Farfesan bakin get."

Na sa filashin a aljihu na ce zan yi cigiya. Bayan azahar na miƙe a masallacin kamfani na ce an tsinci filashi, mai shi ya zo ya faɗi abin da aka rubuta a jiki. Na gaya wa direbobi su kai maganar tasha. Babu wanda ya zo.

Kafin a tashi aiki akawu ya sake tambayata. Washegari ya ƙara. Daga nan na fara lura da shi: da wa yake waya, me ya sa yake fitowa get yana amsawa. Kunyar kaina nake ji, amma ban daina ba. Na zargi wani direban Malumfashi da ya daɗe yana gyaran tamfol a wurin. Har su Hajiya sai da na zarga.

Ni ma kuma zargina ake yi. Ran Talata wani lebura ya ce min, yana murmushi, "An ce yanzu tsintuwa sai da tukuici." Wani ya ce ai na riga na kai shi kasuwar waya. Shekara tara, sai ga shi in na nufo inuwa ana sauya hira.

Ran Laraba manaja ya kira ni.

"Malam, ka ba akawu ya duba a huta. Hakkin wani ne a aljihunka."

"Ranka ya daɗe, takardar da ke ƙofarka ta hana."

"Ka karanta ta?"

"Na karanta."

Ya ce in har zuwa Juma'a abin yana hannuna, sai in yi wa babban ofis bayani da kaina, shi ba zai tsaya min ba. Da na fito na tsaya a ƙofar, na kwafi lambar a tafin hannuna, na kira. Hajiya ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce in naɗe shi a takarda, in rubuta inda na tsince shi da ranar, kada in ba kowa. Rubutun nan ya ci min rabin awa.

Ran Alhamis ta iso da wata tsohuwar kwamfuta da ba ta haɗe da komai. A gaban manaja da akawu ta soka filashin, ta ce in matso. Babu hoto ko ɗaya. Ta nuna wani abu ta ce da an buɗe shi a kwamfutar sikeli, da sai dai su zare mu daga sauran rassa, su goge komai su dawo da kwafin makon jiya, manoma kuwa su yi ta jira da buhunansu a layi.

Na ce, "Hajiya, ku kuka ajiye shi don ku gwada mu?"

"Mukan yi hakan," in ji ta. "Wannan ba namu ba ne."

Ban sani ba ko gaskiya ta faɗa min. Akawu ya juya yana kallon sikelinsa ta taga. A ƙofa ya ce, "Farfesa, ka yafe." Na ce ba komai. Ban gaya masa abin da na yi ta zarginsa da shi ba, kuma har yau ban gama cire shi daga raina ba.

Bayan azahar manaja ya miƙe a masallaci, a daidai inda na yi cigiya, ya faɗi abin da aka gani a ciki. Leburan nan ya matsa ya ba ni wuri a inuwa.

Yanzu akwai gwangwani mai murfi a ƙarƙashin bencina. Duk filashi ko memorin waya da aka tsinta a harabar, nan yake shiga, da takardarsa da rubutuna. Ina yin cigiya kamar da. Makon jiya wani ya zo ya ce memorinsa ne. Na ce ya faɗi launinsa.