Maganar da Na Kai Jos Na Dawo da Ita

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na wajen Ningi, ni da ƙullin daddawa da wata magana da nake son faɗa wa 'yata: zaman ni kaɗai ya fara fin ƙarfina tun rasuwar mahaifinta.

Kuɗin mota ya ninka na bara. A Nabardo na sayi masa, aka miƙo mini wasu ƙanana kamar bakin kwalba. Da muka wuce Tilde sanyi ya fara shigowa ta ƙafa, duwatsu sun hau kan juna, ba wanda ya ɗora su sai Allah. Da muka shiga Jos, ta kasuwar Farin Gada mai keke ya bi da ni. Kabeji da karas tuli-tuli, na ce ashe nan ake tara miyar duniya.

'Yata malamar kimiyya ce a wata firamare a Rikkos. Na tarar sun juya karatu. Da la'asar takan jingina waya da gwangwanin madara ta yi darasi, yara su kalla a gida, da safe su zo aji su gwada da hannunsu. Ta ce aji ya cika, kuma yanzu ko mai kunya yana tambaya.

Ranar farko ta dubi wayar ta ce, "Assalamu alaikum, yara." Na amsa. Ta sake, na sake amsawa. Ni dai ban taɓa jin sallama na bar ta a ƙasa ba.

"Inna, don Allah, ɗauka nake yi."

Sai aka kai mini tabarma ɗakin baya. Ta bango nake jin ta tana bayanin yadda wake ke tsiro, a hankali, da muryar da take lallashi da ita.

Abokiyar aikinta, wata 'yar Ibo, ta leƙo ta same ni. "Mama, wannan yarinya naka zai kashe kansa da aiki. Yara da yawa, waya yana kasuwa da babansu. Ni allo na sani." Ta ci gyaɗata, muka ɗan yi dariya, ta tafi.

Kullum sai na shirya maganata. In ta gama ɗauka, sai iyaye su yi ta kira, darasi bai buɗe ba. In ta zauna kusa da ni, idonta ja, sai in ce ta je ta huta.

Ranar da zan koma gida, a tasha ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, ba wata damuwa dai ko?" Direba yana ta hon. Na ce babu.

Na iso gida bayan la'asar, na share tsakar gida, na hura wuta. Abin da tafiyar ta koya mini, ɗanka in ya girma yana da nasa nauyin, kuma mai jiran ya ga fili kafin ya yi magana zai daɗe. Na auna tuwon mutum ɗaya.